Daga igwar Sarki Tanimu zuwa birkin kabu-kabu: yadda aka gano sirrin motsi

Na gode da kuka bar shayi a kan wuta a fadojinku kuka zo. Ku ma da za ku karanta wannan a shafi daga baya, ina gaishe ku.

Na san da aka ce yau maganar ilimin motsi za a yi, wasu sun ce a ransu: fizik kuma? Ai mun yi hannun riga da ita tun a lise. To, mu ne muka rabu da ita, ita kam tana nan tare da mu. Tana kan hanyar Mirya, tana kan hanyar Magarya, tana gaban Kasuwar Dole duk sa'ad da ɗan kabu-kabu ya taka birki. Abin da nake so mu bi yau labarin tambaya ɗaya ce, wadda yaro ɗan shekara bakwai zai iya yi, amma ta ci wa masanan duniya kusan shekara dubu biyu kafin su amsa ta. In ka jefa dutse, me ke tafiyar da shi bayan ya bar hannunka?

Bari mu fara daga gida. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi kimanin shekara talatin yana sarautar Damagaram har zuwa 1884, ba ganuwar Birni kaɗai aka gina ba. Maƙeran garin nan sun ƙera igwa da hannunsu, ana kuma haɗa albarushi a nan cikin Zinder. Marigayi Farfesa André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin wannan daula tun 1971, mai so ya nema ya karanta. Yanzu ku kawo mutumin da ke tsaye bayan igwar nan a idon zuciyarku. Albarushi nawa zai ɗura? Ina zai ɗaga bakinta ya tsaya don harsashi ya sauka inda ake so? Da ido da sabo yake ba da amsa, yadda maharbi ke sanin halin kibiyarsa. Ku riƙe shi a ranku, za mu komo gare shi.

Wanda ya fara ba da amsar da duniya ta karɓa shi ne Aristotal na ƙasar Girka, wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo. Ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi cewa ya yi, abu ba ya tafiya sai da mai tura shi, in turi ya ƙare tafiya ta ƙare. Ya kuma ce abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa, gwargwadon nauyinsa. Kada ku yi masa dariya, don abin da ido ke gani ke nan. Ɗan ga-ruwa in ya saki kurarsa, tsayawa take yi. Shanu in suka tsaya, amalanke ya tsaya. Ka saki dutse da gashin kaza tare, dutse zai riga isa ƙasa.

Amma dutsen da aka jefa fa? Hannu ya sake shi, wa ke tura shi? Nan maganar ta cije. Sai Arisɗo ya ce iska ce: hannu ya motsa iska, iskar ta ci gaba da ingiza dutsen. Bayanin yana ɗingishi, amma girman sunan mai maganar ya sa aka yi ta koyar da shi ƙarni bayan ƙarni.

A ƙarni na 6, a birnin Iskandariyya na Masar, wani malami da Larabawa ke kira Yahaya Annahawi ya ce a'a. Ya ce in iska ce ke kai kibiya, to me ya kai maharbi wahalar jan baka? A ɗora kibiyar a kan sanda mana, a yi ta yi mata fifita daga baya, mu ga inda za ta je. A ganinsa, hannu ne ke zuba wa dutse wani ƙarfi a cikinsa, ƙarfin ya yi ta raguwa har ya ƙare.

Ibn Sina, wanda muka fi sani da likitanci, ya rayu daga 980 zuwa 1037, shi ma ya ɗauki maganar a littafinsa Asshifa. Ya kira abin da hannu ke bar wa dutse "mail", wato karkata. Ya kuma ƙara wani abu mai nauyi: wannan karkata ba ta ƙarewa don kanta, sai in wani abu daga waje, kamar iska, ya cinye ta. Ku ji wannan da kyau, jama'a. Iskar da Arisɗo ya ce ita ke tura dutse, Ibn Sina ya ce ita ke tare shi. Bayan shekara ɗari uku, wani malamin jami'ar Paris mai suna Buridan ya zo da irin wannan ra'ayi, yana ba da misali da dutsen wasa wuƙa na maƙera, wanda ke ci gaba da juyawa bayan an daina juya shi, da jirgin ruwa da ke ci gaba da tafiya bayan masu jansa sun saki igiya. Ina faɗin sunayen nan ne don wanda ke cewa wannan ilimi na Nasara ne. Ya bi ta Girka, ya bi ta Masar, ya bi ta Farisa, sannan ya isa Turai. Kowa ya sa hannunsa.

Sai dai duk waɗannan malamai gardama suke da baki da alƙalami. Abin da ya sauya labarin, ku yarda ko kada ku yarda, igwa ce. A ƙasar Italiya wani mai harba igwa ya yi wa wani masanin lissafi, Tartaliya, tambayar nan ta mutumin Tanimu: yaya zan ɗaga bakinta ta fi cin nisa? A littafinsa na 1537 Tartaliya ya ce digiri 45, wato rabi tsakanin kwance da tsaye. Har ya ƙera wa masu igwa ma'aunin da za su sa a bakinta. Daga nan tambayar ta bar zauren malamai ta shiga hannun masu awo.

Sannan Galileyo ya zo. An haife shi a 1564, ya koyar da lissafi a jami'ar Paduwa. Matsalarsa ita ce faɗuwa tana da sauri ƙwarai, ido ba ya iya bin ta, kuma ba shi da agogon da zai auna ɗan gajeren lokaci daidai. Dubi dabarar da ya yi. Ya samo dogon katako, ya fafe masa kwari a tsakiya ya goge shi sumul, ya jingina shi ya yi gangare, ya riƙa sakin ƙwallon tagulla yana gangarowa. Gangare faɗuwa ce da aka rage wa sauri. Agogonsa kuwa ruwa ne: tulu mai ƴar ƙaramar kafa, ya buɗe in ya saki ƙwallo, ya toshe in ya iso, sannan ya auna nauyin ruwan da ya zuba. Ya maimaita har ya gaji. Katako, ƙwallo, tulu da sikeli. Wanne ne babu a kasuwarmu?

Ga abin da ya gano. In ƙwallo ya ci taki 1 a lokaci na farko, a na biyu zai ci 3, a na uku 5, a na huɗu 7. Ku tara: 1, 4, 9, 16. Wato in lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu. In ya ninka uku, nisa ya ninka tara. Da ma'aunin yau, dutsen da ka saki a rijiya yana cin kimanin mita 5 a sakan na farko, mita 20 a sakan biyu, mita 45 a sakan uku. Ku riƙe lambobin nan, 5, 20, 45, za ku sake jin su. Ya kuma nuna cewa nauyi ba ya sa abu saurin faɗuwa, iska ce ke riƙe gashin kaza. A 1971 ɗan sama-jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka sauka tare. Bidiyon yana intanet. Gani ya kori ji.

Abu na biyu da ya gano shi ne amsar tambayarmu. Ƙwallon da ya gangaro in ya samu shimfiɗaɗɗen wuri, iya sulɓin wurin iya nisan da zai yi. A rairayi ya tsaya nan da nan, a siminti ya yi nisa. To in babu abin da ke gugarsa sam fa? Ba zai tsaya ba. Ashe kurar ɗan ga-ruwa ba don an daina turi take tsayawa ba, rairayi ne da gugar ƙafafunta ke tsayar da ita. Shekara dubu biyu ana neman abin da ke tafiyar da dutse, ashe abin tambaya shi ne me ke tsayar da shi. Da ya haɗa wannan da ƙa'idar faɗuwa, sai hanyar harsashin igwa ta fito fili: gaba yana tafiya da gudunsa, ƙasa tana jansa a lokaci ɗaya, ya yi baka irin ta ruwan da ke fita daga bakin buta. Ya fitar da wannan a littafinsa na 1638, yana tsoho, ido ya tafi, kuma yana tsare a gidansa tun bayan shari'ar da hukumar cocin Roma ta yi masa a 1633 kan cewa duniya ce ke kewaya rana.

Niyuton na Ingila ne ya ɗinke zancen a 1687, cikin dokoki uku. Ta farko: abin da ke tsaye yana nan tsaye, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya miƙe da gudunsa, sai in wani ƙarfi ya shiga tsakani. Ni nakan kira wannan naci. Ta biyu: ƙarfi gudu yake sauyawa, kuma iya nauyin abu iya wuyar sauya masa gudu. Ta uku: in ka tura abu, shi ma yana tura ka daidai gwargwado, abin da ya sa bindigar maharbi ke dukan kafaɗarsa. Niyuton ya ce a ɗauka an harba harsashi daga kan dogon tsauni. A ƙara albarushi ya ƙara nisa. A yi ta ƙarawa, har a kai inda yana faɗuwa duniya tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, ba zai taɓa sauka ba. Haka wata ke kewaya mu, haka kuma taurarin ɗan Adam da ke nuna wa wayarka inda kake.

Saura abu ɗaya, kuma ƴan'uwa mata ku saurara, don mace ce a tsakiyar labarin. Masana sun yi ta gardama: in gudun abu ya ninka biyu, ɓarnar da zai yi ta ninka nawa? Wasu suka ce biyu. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Gravesande, ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla a kan ɗanyen yumɓu yana auna ramin da suka yi. Gudu biyu, rami huɗu. Gudu uku, rami tara. Emili du Shatele ta Faransa ce ta tsaya kai da fata a kan wannan sakamako a littafinta na 1740, ta yi gardama da manyan masanan ƙasarta a kansa. Ita ce kuma ta fassara littafin Niyuton zuwa Faransanci. Waccan ƙa'idar da muka haddace a lise mai "v" da ɗan 2 a kansa, muka zuba a takardar jarrabawa muka manta, ramin yumɓu ne ya gaskata ta.

Yanzu mu komo ga mutumin Tanimu. A 1742 wani Bature ɗan Ingila, Benjamin Robins, ya ƙera na'urar auna gudun harsashi. Daga nan masu ƙera makamai a Turai suka shiga gwaji suna rubutawa, na baya ya ɗora a kan na gaba. A watan Yuli na 1899 rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta gamu da sojan Faransa a Tirmini, nan yamma da mu. Su ne ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawarwaki a bayanta tun kafin Birnin Ƙonni, don haka kada wani ya ce ilimi ya mai da su mutanen kirki. Jarumta ba ta yi ƙaranci a wajen kakanninmu ba a ranar, hikimar hannu ma haka. Amma bindigogin da suka fuskanta sun fi cin nisa, sun fi saurin ɗuri, kuma a bayan kowace ɗaya akwai awo da rubutu na shekara ɗari uku. Gwanintar da ke hannun mutum ɗaya tana bin sa kabari. Wadda aka auna aka rubuta, jika yana tarar da ita ya ƙara.

To mu yau ina ne Tirmininmu? Kwalta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan da ƙannenmu. In aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara. Ba na jin akwai wanda ke zaune a nan da bai taɓa zuwa gaisuwar wanda moto ta kashe ba.

Mu yi lissafi tare. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da birki mai kyau, in kana gudun kilomita 30 a awa, daga kama birki zuwa tsayawa kimanin mita 5 ne. A gudun 60, mita 20. A gudun 90, mita 45. Kun gane su? Lambobin rijiya ne suka dawo. Kuma wannan bayan birki ya kama ne. Tsakanin ido ya ga yaro da ƙafa ta taka, sakan guda ya wuce, a gudun 60 ka riga ka ci kusan mita 17. Ka ƙara rairayin da iska ke shimfiɗa mana a kan kwalta, ka ƙara tayar da ta suɗe, ka ɗora mutum huɗu da buhu a kan birkin da aka ƙera don mutum biyu. Ɗan'uwa mai kabu-kabu, na san fasinja ne ke cewa yi sauri, na san akwai kuɗin da za ka kai wa mai moto da yamma. Amma daga 30 zuwa 60, sau biyu ka ƙara gudu, sau huɗu ka ƙara nisan birki. Sauri ya haifi nawa?

Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. Wa zai yarda ya diro daga nan da kai tsirara? Amma muna hawa moto ba hular kwano, wai zafi, wai gayu. Dokar naci ba ta san gayu ba. Moto ta tsaya, kai ba ka tsaya ba, sai wani abu ya tsayar da kai, ko kwalta ko bango. Aikin hular kwano da ɗamarar kujera a mota ɗaya ne: su ja lokacin tsayawar ya ɗan yi tsawo, ƙarfin dukan ya ragu. Ka saki ƙwai a kan siminti, ka saki wani a kan katifa, za ka gane. Haka mutanen da ake jibgawa a saman kaya ranar kasuwa: direba ya taka birki, motar ta ji, su babu abin da ya riƙe su. Haka wanda ke gilmawa gaban tankar mai cike da ta fito ta hanyar Tanut, yana ganin ai direba ya gan shi. Ya gan ka, amma nauyin da ke bayansa bai gan ka ba.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Ban yi gardama da ƙaddara ba. Amma wanda ya ce haka yana kulle shagonsa da dare, yana kuma ɗaure akuyarsa. Birki da hula ma sababi ne.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Malaman makaranta da ke cikinmu, na san yawancin makarantunmu babu ɗakin gwaji. Galileyo ma ba shi da shi. Katako daga wajen kafinta, ƙwallon boris daga wajen bakanike, da wayar da ke aljihunka, wadda agogonta ya fi tulunsa sau dubu. Bari yara su auna da hannunsu su ga 1, 4, 9 ta fito, kafin a rubuta musu ƙa'ida a allo. Ɗalibai ƴan jami'a, ku kai wannan bayani tashoshin kabu-kabu da fadoji da Hausa, ku auna mita 20 a ƙasa da taki, kowa ya ga tsawonta da idonsa. Mu kuma da ke zuwa wajen hukumomin gari neman a sa tudun rage gudu a gaban makarantu da kasuwanni, mu daina zuwa da kuka kaɗai. Mu tsaya a bakin hanya mako guda, mu auna tazara, mu ƙirga sakan, mu rubuta gudun da ake yi da yawan yaran da ke tsallakawa, mu kai takarda. Ana iya kawar da kai daga ƙorafi, lamba kuwa sai an ba ta amsa.

Arisɗo babba ne, an girmama shi, kuma ya cancanta. Amma katako da tulun ruwa sun gyara masa magana. A garin da maƙeransa suka ƙera igwa, bai kamata a ce awo ya fi ƙarfinmu ba.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa a kanta. Mai tambaya ko mai gyara, bismillah, fili naku ne.